Motar da ke Zabura da Baba

Ranar da aka kawo motar ina cikin masu kallo, don gidan Alhaji Abdulwahabu a kan hanyata yake idan na tashi daga aiki. Sunana Mansura, ina aikin jinya a likitar Dungas, wato asibitin garin, kuma direban da zai riƙa jan motar mahaifina ne, Illa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙi a gidan, tun zamanin mahaifin Alhaji, da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya wadda ta san kowace hanyar rairayi daga nan zuwa Waca da Dantchiao da Magariya. Ko kaza bai taɓa takawa ba. In ba ka sani ba, zauna kusa da shi minti biyar zai gaya maka.

Sabuwar baƙa ce doguwa, daga Kwatano aka taho da ita, irin waɗanda Turawa suka gama morewa suka turo mana. Otomatik ce. Ba ta da amburiyaj, wato abin da ƙafar hagu ke dannawa a canja giya. Abin takawa biyu ne kawai, birki da totur. Baba ya leƙa ƙasa ya ce ai wannan motar raggaye ce, aka yi dariya. Ya yi bisimilla ya shiga, ya jawo kujera gaba daidai tsawonsa, don Baba gajere ne, sannan ya sa makulli.

Sai kujerar ta motsa. A hankali, da wani ɗan gurnani, ta ja da baya ta sauka ƙasa, madubai biyun gefe suka juya da kansu, har sai da yatsun ƙafar Baba suka koma da ƙyar suke taɓo birki. Dariyar ta ɗauke. Wata muryar mace ta yi magana daga allon gaba da wani harshe da ba Faransanci ba, ba Ingilishi ba. Ta faɗi abin da za ta faɗa ta yi shiru.

Kolo bakanike, wanda ya taso da motar daga Damagaram, ya ce kada kowa ya damu. "Tsohon mai ita take tunawa," in ji shi. "Dogon mutum ne, ta riƙe zamansa." Ya yi ta danne-danne don ya goge wancan zaman, abin ya ƙi. Duk sanda aka sa makulli sai kujera ta koma inda dogon ya bar ta. Da Baba ya gaji da jayayya da kujera, sai ya ɗauko matashin kai daga gida ya riƙa sawa a bayansa.

Ba kujerar kaɗai ke damunsa ba. Wata rana da yamma yana alwala a tsakar gida ya ce mini, "Uwata, motar nan tana da nufinta daban." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake kirana haka. "Da na ɗaga ƙafa daga birki sai ta kama tafiya, ban ce mata komai ba." Na ce haka duk irinsu suke, ni da na yi permi, wato lasin tuƙi, a Damagaram da irinta muka fara koyo. Ya dube ni irin duban da yake yi wa duk wanda ya koyi tuƙi a allo da alli, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

A mako na uku ta fara. Da safe ne, yana fitowa daga gidan Alhaji a hankali, wata akuya ta gilma. Waɗanda ke wurin suka ce motar ta yi wani kuka ta zabura ta shige katangar maƙwabci, ta zubar da rabinta. Baba ya fito ba ko ƙwarzane. Ya ce yana kan birki. Yana dannawa tana ƙara wuta.

Ta biyun ta fi muni. Ranar kasuwa ce, wani mai amalanken jaki ya yanko masa gaba. Motar ta tashi ta bi ta kan tukwanen wata mata da ta zo daga ƙauye, ta murƙushe su, matar ta mirgina gefe, bakin zanenta ya tafi a jikin ƙarfen gaba. Tarin buhunan wake ne ya tare ta. Da babu buhunan nan, bayansu layin masu sayar da nono ne a zaune a ƙasa. Aka kira ni daga likita, na tarar da Baba a tsaye mutane sun zagaye shi, yana maimaita magana ɗaya. "Wallahi ina kan birki. Wallahi tallahi ina kan birki."

Baba ba ya rantsuwa a banza. Na yarda da shi, kowa ma ya yarda.

Kwana uku Kolo ya yi a ƙarƙashin motar. Ya cire shimfiɗar ƙasa ko ita ke danne totur, ya duba wayoyi, ya buɗe birki, ya tuƙa ta shi kaɗai har bayan gari ya dawo. Bai samu komai ba. To in bakanike bai samu komai ba, mutanen Dungas ba sa rasa samu. Kafin mako ya zagayo kowa ya san Baturen da ke da motar a cikinta ya mutu, a zaune a kujerar nan, sai bayan kwana huɗu aka gan shi. Wanda bai taɓa wuce Magariya ba shi ya fi kowa sanin sunan garin da abin ya faru. Aka yi mata hayaƙi har sai da kujerun suka kama wari, aka wanke sitiyari da rubutu, Alhaji ya yi sadakar waina. Masu kabu-kabu suka daina ajiye babur a inuwar da take.

Ina so in ce ni ban ji tsoro ba, amma ƙarya zan yi. Wata rana da azahar na kai wa Baba maganin hawan jininsa da ya manta. Ba kowa a ƙofar gidan, rana ta kori kowa. Motar tana ƙarƙashin dogon yaro, gilasai a rufe, injinta na wani ƙas-ƙas yana hucewa. Na leƙa ko Baba yana ciki. Ba ya ciki. Kujerar tana can baya, an cire matashin, kuma fatar ta lotsa a tsakiya da wajen kafaɗu, lotsawar mutum mai faɗi wanda ba Baba ba. Na san tsohuwar kujera haka take. Na sani sarai. Duk da haka da baya na bar wurin, ban yarda na juya mata ƙeya ba sai da na kai zaure.

Baba ya rame. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Innata, Hinda, ta ce tsoron motar ne, amma ni na lura ba shi ba ne. Wasu samari a tasha sun ce tsoho dai ya ƙare, maganar ta dawo masa. Duk wanda ya zo da labarin Bature sai Baba ya ba shi wurin zama ya sa a dafa masa shayi.

Daga ƙarshe Alhaji ya yanke shawara. Ƙaninsa da ke Magariya yana da wata fara, ita ma otomatik, wadda aka san tarihinta tun daga kanti. Za a kai masa baƙar ya tura ta ƙetaren iyaka a sayar, a taho da farar. Ranar Alhamis za a yi musanyar, domin ranar Asabar akwai sunan jikar Alhaji a Waca, kuma Baba ne zai kwashi mata da yaran gidan, su tara, ga Innata ta goma.

Ba wanda ya yarda ya raka Baba Magariya. Mutanen da kullum ke roƙon a rage musu hanya duk ranar suka tashi da uzuri. Abin ya ba ni haushi. Na karɓi rahoton ƙarshen wata daga hannun majo, shugaban likitarmu, na ce ni zan kai babbar likita ta Magariya, na je na buɗe ƙofar gaba na zauna. Baba ya ce in fita. Na ce in ya ga na fita to ɗauka ta aka yi. Ya sa makulli, kujera ta ja shi baya, matar nan ta faɗi maganarta, muka kama hanya.

An gama girbi, gonaki sun koma kara da ƙasa, makiyaya sun sako shanu suna kiwo a ciki. Baba yana tafiya a hankali, bakinsa na motsi da addu'a. Na kama kaina ina sauraron injin, ina jiran in ji ko wani abu zai canja a muryarsa. Sau biyu na waiwaya kujerar baya ba tare da dalili ba.

Mun ci fiye da rabin hanya, wajen wata kwana da geza ta rufe gefenta, sai ga wani jan bijimi ya fito tsakiyar hanya, garke na biye da shi.

Motar ta yi ruri. Bayana ya manne da kujera. Maimakon bijimin ya tsaya inda yake sai na ga yana girma yana tahowa, Baba ya murɗa sitiyari muka bar hanya muka faɗa gona, kara na dukan gilashi, motar na ƙara gudu. Can gaba akwai wani babban gawo, ga mata biyu a ƙarƙashinsa da ƙoren nono.

Malamin da ya koya mana tuƙi wani tsamurarren mutum ne mai faɗa, kuma akwai abin da ya sa muka haddace kamar karatu. In mota ta ƙwace, a danna birki da ƙarfi a riƙe, ba a ɗagawa ana maidawa. A tura giya zuwa N don inji ya rabu da taya. Kada a zare makulli tana gudu, sitiyari zai ƙage. Birki ba a wajena yake ba, amma giya tana tsakaninmu. Na tura ta N. Injin ya ƙwala wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, amma jan da yake yi mana ya saki. Na kama birkin hannu na riƙa ja kaɗan-kaɗan, ban fizga ba. Bayan motar ya yi wutsil-wutsil, rairayin gona ya kama tayoyin, muka tsaya. Tsakaninmu da gawon bai fi taku goma sha biyar ba.

Mun tsaya, amma injin bai daina kuka ba. Shi ya sa na duba ƙasa.

Ƙafar Baba ta dama tana kan totur, ta danne shi har ƙasa, ta sandare tun daga cinya, jijiyoyin sun fito. Ta hagu kuwa tana ta dannawa tana ɗagawa a wurin da babu komai, inda amburiyaj yake a tsohuwar mota. Idanunsa na kan gawon. Bakinsa na cewa, "Birki, birki, ina kan birki." Na murɗa makulli na kashe. Shiru ya sauko. Ƙafar ta ɗan ƙara jimawa a wurin, sannan ta janye a hankali ta koma gefe ta zauna, shi bai ko dube ta ba.

Tsigar jikina ta tashi fiye da ranar da na leƙa kujera. Na tuna ina ƙarama, in ya ɗauke ni a tsohuwar mota, yadda yake koya wa masu bin sa koyon tuƙi. A rairayi ba a taka birki. In mota ta fara tangaɗi, in gabanka ya faɗi, ka ba ta wuta, in ka tsaya ka nutse. Wanda ya kai ƙafa birki sai ya sha duka a gwiwa. Shekara talatin da ɗaya ƙafar nan tana jin faɗuwar gaba tana ba da wuta, kuma ita ta fitar da shi daga kowane rami. Ban san yaushe ta daina bambanta rairayi da akuya ba. Wataƙila ta jima. A tsohuwar mota ƙafar hagu na riga ta, ta danne amburiyaj ta raba inji da taya, sai dai a ji ƙara a ce tsufan mota ne.

Baba ya juyo. Idonsa ya kawo ruwa, amma fuskarsa a sake take, rabon da in gan ta haka tun kafin katanga.

"Uwata, kin gani da idonki," ya ce. "Alhamdu lillahi da ba ni kaɗai ba ne yau. Ki gaya wa Alhaji. Ke kin yi karatun lakkol, in kin faɗa za su yarda."

Na ce, "Na gani, Baba."

Makiyayan suka taya mu turo ta kan hanya. Ya bar ni na ja sauran tafiyar, abin da bai taɓa yi ba. Ko gezau motar ba ta yi ba. Ya ce ai ta san ba ni take nema ba.

A Magariya ya ba ƙanin Alhaji labari, ya ba masu gadi, ya ba mai shayi, kowane karo sai ya nuna ni ya ce ga shaidarsa. Ni kuwa sai murmushin yaƙe. Farar motar kujerarta ba ta motsi, ba mai magana a cikinta. Ya jefa matashinsa a baya, ya ja mu zuwa gida har da ɗan waƙe-waƙensa na da. Ba abin da ya gilma mana, don haka ba abin da ya faru. Tun daga Magariya har Dungas ban kalli hanya ba, ƙafarsa nake kallo.

Kafin magariba na biya garejin Kolo. Na same shi yana wanke hannu da kalanzir. Ban yi dogon zance ba, na ce, "Kolo, ka sani ko?"

Ya daɗe yana goge yatsunsa. "Ranar kasuwa na bi sawun taya," ya ce. "Daga inda ta tashi har buhunan wake, ba inda taya ta ja ƙasa. Motar da aka taka wa birki tana barin alama, ko da injin na ja."

"Shi ne ka yi shiru? Ka bar mutane suna ƙona turare?"

"Malama, mutumin nan shi ya fara miƙa mini sifana. Ni zan tsaya gabansa in ce masa ƙafarsa ta lalace? Ba a bakina ba." Na zage shi a zuciyata har na kai gida, alhali ni ma abin da na yi ke nan tun azahar.

Na tarar da Inna ta baje kayan da za ta sa ranar Asabar, an ƙunsa mata lalle. Na ce ko za ta bi taksin Waca, tunda motar za ta cika. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ban yarda da tuƙin ubana ba, da na wa zan yarda? Baba yana gefe ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Na zauna ina kallonsu, ina lissafa hanyar Waca a kaina, shanu nawa, amalanke nawa, babura nawa ke fitowa daga lungu ba sallama. Ina son mutumin nan fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na san in na buɗe baki ba zai yarda ba. Ba taurin kai ba ne. Shi a iya saninsa birki yake takawa.

Da safiyar Juma'a na ce masa ya kamata mu gwada birkin farar kafin a ɗora mata mutane. Maganar ta yi masa daɗi, ya ce yanzu na fara zama direba. Muka tafi wani fako a bayan gari inda ake sussuka, fili ne fetal, ba itace ba dabba. Yana zagaya motar yana duba taya, na kunna bidiyon wayata na jingina ta da jakata a ƙasa, tana kallon wajen ƙafafunsa. Na ji kunyar kaina, amma ban fasa ba.

Ya ja a hankali, ya taka birki, ta tsaya cak. Ya sake, ta tsaya. Ya ce, "Kin ji mota mai ladabi." A karo na uku na ɗora hannu a kan giya, na bari ya ɗan saki jiki, sannan na ƙwala ihu. "Baba, mutum!"

Ta zabura. Ruri iri ɗaya, manne bayan nan iri ɗaya. Na tura N, na ja birkin hannu a hankali, muka yi ɗan nisa muka tsaya, na kashe.

Baba bai motsa ba. Hannayensa na kan sitiyari. Can ya ce, da wata ƙaramar murya, "Ya biyo mu."

Ya juya a hankali ya dubi kujerar baya. Wallahi ni da na shirya abin, ni da na san komai, sai da na juya na duba tare da shi. Matashinsa ne kawai a wurin.

Na sunkuya na ɗauko wayar. Na mayar da bidiyon baya na miƙa masa. Ba fuska a ciki, ƙafafu biyu ne kawai cikin takalmin fata mai buɗaɗɗen gaba. Aka ji muryata. Ƙafar dama ta ɗaga, ta tsallake birki ko taɓa shi ba ta yi ba, ta sauka kan totur ta danne. Ta hagu ta kama neman abin da babu. A bayan ƙarar injin ana jin muryarsa yana cewa yana kan birki.

Ya kalla har ƙarshe. Ya ce in maido. Na maido. A karo na uku ya sa yatsa ya tsayar da hoton, ya kawo wayar kusa da idonsa. Babban yatsan ƙafar yana da farcen nan da ya tsage tun wata shekara da jak ya faɗo masa. Ya sauke wayar ya dubi ƙafarsa ta gaske, tana nan a gefe a natse. Ya daɗe yana dubanta.

"Babu mutum ko?" ya ce.

"Babu, Baba."

"Jiya ma haka kika gani?"

"Haka na gani."

"Kika bar ni ina yawo da ke a Magariya ina cewa ga shaidata."

Hawaye suka zubo mini, na bar su. Na ce masa ana gyarawa. A kafa diddige a ƙasa daidai gaban birki, ƙafa ta riƙa kwana a kan birki, sai in ana son wuta ta karkata ta dawo. Ƙafar hagu a janye ta baya a manta da ita. Na ce kullum da safe sai mu zo nan mu yi ta yi har ta saba. Ina magana ina jin yadda muryata ta koma irin wadda nake yi wa marasa lafiya, na tsani kaina.

"Zuwa gobe za ta saba?"

"A'a."

"Wata nawa?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila ta saba, wataƙila ranar da gabanka ya faɗi ta koma ta da."

Ya gyaɗa kai. Ya zare makullin ya ajiye a cinyata. "Da a mota abin yake, an kai shi Magariya an huta," ya ce. "Wannan da shi zan koma gida." Ya buɗe ƙofa ya fita.

Na yi ta roƙonsa ya shigo ta ɗaya gefen, ko waiwaye bai yi ba. Ya kama hanyar gari da ƙafa, hannaye a baya. Na koma kujerarsa na tayar da mota na bi shi. Ban taɓa totur ba, tafiyar nan da take yi da kanta ta isa, ina riƙe da ita da birki don kada in matsa masa. Haka muka ratsa unguwa, shi a gaba ni a baya. Masu kabu-kabu suka daina hira. Mata suka leƙo ta kan darni. Wani ya tambaye shi ko ita ma farar ta fara, Baba ya ɗaga masa hannu kawai ya wuce.

Alhaji yana ƙofar gida da mutanensa, ana jiran lokacin masallaci. Na tsaya nesa kaɗan na sauke gilashi. Baba ya gaishe shi, bai durƙusa ba, bai kuma rage murya ba.

"Alhaji, a kira Magariya a ce kada a karyar da motar nan. Ba ta da komai. Ba Bature, ba kowa. Ƙafata ce ke taka wuta ina cewa birki, na gani da idona yanzu." Wani ya fara cewa haba Malam Illa, Baba ya katse shi. "Katanga ni ne, kasuwa ni ne. Gobe ga wadda za ta kai iyali Waca, ta fi ni sanin irin motar."

Akwai wata tabarma a gefen zaure inda tsofaffin unguwa ke wuni, waɗanda ba su da sauran wurin zuwa. Baba ya nufe ta, ya tuɓe takalmansa ya jera su, suka matsa masa ya zauna. Ya naɗe ƙafar dama ya ja rigarsa ya rufe ta.

Ni kuwa ina cikin mota. Na riga na kashe ta tun tuni, amma na kasa ɗage ƙafata daga kan birki.